Mama ta ce kada in laƙaba wa kaina ciwo, ni kuwa sai yanzu na san kaina

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 31, ina zaune da mahaifiyata a nan Kaduna, ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta. Shekara shida na yi ina fama da ciwon jiki marar mazauni: yau kafaɗa, gobe ƙugu, jibi tafin ƙafa. In na tashi da asuba ji nake kamar an kwana ana kirɓa ni a turmi. Na sha maganin maleriya da taifot har na daina ƙirgawa, an yi min ruƙiyya, na sha rubutu, an yi min ƙaho. Duk gwajin da aka yi sai a ce lafiyata ƙalau. Shekara biyu da suka wuce wani likitan gaɓoɓi ya ce abin da ke damuna sunansa faibromayaljiya. Bara kuma aka gano ɗan yayata yana da otizim. Ranar da na raka su asibiti, ina jin tambayoyin da ake yi mata game da yaron sai na ji kamar tarihina ake karantawa. Na koma ni kaɗai, bayan zama uku likitar ta tabbatar min ni ma ina da shi.

Anti, ranar na yi kuka, amma kukan samun sauƙi ne. Tun ina ƙarama ake ce min miskila, mai girman kai, raguwa, mai son jiki. Yanzu na gaji da ɓoyo. Ina so in riƙa cewa ni mai otizim ce, mai faibromayaljiya ce, haka Allah ya yi ni, har in rubuta a shafina na Facebook. Mama ta ce suna linzami ne, kada in ja wa kaina da bakina, kuma wa zai auri wadda ta ce ita galahanga ce? Yayana ya ce ciwon Turawa na kwaso a intanet. Gwaggo tana nan a kan bakanta cewa iska ce. Akwai wanda ke nemana, an fara maganar kawo kuɗi bayan Babbar Salla. Ya san ina ciwon jiki, bai san ɗayan ba. Laifi ne in rungumi waɗannan abubuwa a matsayin ni kaina? Rashin tawakkali ne? In gaya masa, ko in yi shiru yadda Mama ke so?

Wata baiwar Allah, Kaduna

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu. Sannu da jiki, sannu kuma da shekara shidan nan da kika yi kina fita daga ɗakin gwaji da takarda mai cewa lafiyarki ƙalau, alhali ɗaga hannu ki ɗaura ɗankwali ma aiki ne. Na yarda da ke. Na fara da wannan ne domin na san an daɗe ba a ce miki haka ba.

Mama ta yi gaskiya, suna linzami ne. Sai dai ki duba wasiƙarki da kyau: ai an daɗe da sa miki linzamin. Miskila suna ne, raguwa suna ne, mai son jiki ma haka. Shekara talatin suna jan ki, kuma na tabbata akwai daren da ke kanki kika yarda da su, kika kwanta kina tambayar kanki me ya sa abin da kowace mace ke yi ba tare da tunani ba yake gagarar ki. Saboda haka maganar zama babu suna ba ta taso ba. Tsakanin sunan da ya zalunce ki da sunan da ya yi miki bayanin kanki za ki zaɓa, kuma ban ga laifin wadda ta zaɓi na biyun ba. Kukan da kika yi a ranar nan shi ne shaidata.

Amma abubuwan nan biyu da kika haɗa a numfashi ɗaya ba jinsi ɗaya ba ne, kuma ina so ki riƙe kowanne da irin riƙon da ya dace da shi.

Otizim ba ciwo ba ne da ke kama mutum rana tsaka. Da shi ake haihuwar mutum, tsari ne na yadda ƙwaƙwalwa ke karɓar sauti da haske da taɓi, da yadda take karanta fuskokin mutane da maganganunsu. Yana bin jini, shi ya sa ban yi mamakin ganin ki da ɗan yayarki a layi ɗaya ba. Ba riga-kafi ke kawo shi ba, ba sakacin uwa ba ne. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 yana da shi. Tun da wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana shi a 1943 a kan yara 11, waɗanda takwas daga cikinsu maza ne, aka ci gaba da neman sa da siffar yaro namiji, mata kuwa suka yi ta kuɓuce wa idon likitoci. Yarinya takan koyi kwaikwayo da wuri: ta haddace gaisuwa, ta lura da lokacin da ake dariya ta yi, ta danne abin da ke damun ta. A ƙasar Hausa ɓoyon ya fi sauƙi ma, domin yarinyar da ba ta kallon idon mutane kuma ba ta son shiga taro, yaba mata ake yi da kunya. Sai ta girma an fara neman ta a biki da suna da gaisuwar surukai, sannan kunyar ta koma miskilanci a bakin mutane.

Kalmar galahanga da Mama ta yi amfani da ita, da ita gidajen rediyo kan fassara otizim, amma a bakin jama'a buhu ce da ake zuba duk yaron da ba ya magana ko ba ya iya kula da kansa. Wannan hoton ne ke zuwa wa Mama in kin ambaci otizim. Akwai masu otizim da ke buƙatar kulawa dare da rana har ƙarshen rayuwarsu, kuma mutuncinsu ɗaya da naki. Akwai kuma irinki, da ke riƙe aji guda na yara. Faɗin abin ke nan, kuma Mama gefe ɗaya kawai ta taɓa gani.

Faibromayaljiya kuwa ciwo ne, kuma ki gaya wa yayanki yana cikin kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ana ƙiyasta mutum 2 zuwa 4 cikin 100 ke da shi, mata sun fi yawa. A 1990 likitocin gaɓoɓi na Amurka suka fitar da ma'aunin gane shi, inda ake danna wurare 18 a jiki a ga ko 11 za su yi zafi. A 2010 suka sauya, aka koma duba yaɗuwar ciwon na aƙalla wata uku tare da gajiya, da barcin da ba ya wartsakarwa, da hazon da ke rufe tunani har ki manta abin da ya kai ki ɗaki. Dalilin da gwaji ba ya nuna komai shi ne, matsalar ba a cikin jini ko ƙashi take ba. Jijiyoyin da ke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa ne suka zama kamar rediyon da aka ƙure wa murya: ɗan taɓi kaɗan sai ya iso da ƙara. Ciwon gaskiya ne, amma ba ya cin gaɓa, ba ya naƙasa ƙashi. Ba ciwon Turawa ba ne. Su ne dai suka riga mu raɗa masa suna, mu kuma muna ta zuba shi cikin sanyi da taifot.

To ina mahaɗarsu? Masu bincike sun lura cewa ciwon jiki mai daɗewa irin wannan, da ciwon kai na ɓari ɗaya, da rikicewar hanji, da matsalar barci, sun fi yawa a tsakanin manya masu otizim, musamman mata. Ba duk mai ɗaya ke da ɗayan ba. Amma in kin duba, duka biyun labarin jiki ne mai jin abu fiye da yadda wasu ke ji. Ɗauki ranar biki a ɗakin taro. Kin sa leshin anko, bakin ɗinkin yana cizon wuyanki tun daga gida. An ɗaure miki kai tamau. Kin sauka daga Keke, ƙugunki ya riga ya amsa duk ramin da aka faɗa. Kina shiga sai ga lasifika kusa da teburinku, fitilu masu walƙiya, turaren wuta ya gauraya da ƙamshin soyayyen nama, mace biyar suna yi miki magana lokaci ɗaya, ke kuma kina lissafin wadda za ki fara gaisarwa da irin murmushin da ya kamata. Kafaɗunki sun ɗaure ba ki sani ba, haƙoranki a cije. Daren nan barci ba zai zo ba, washegari kuwa jikin zai karɓi bashinsa har da riba. A gida za a ce, “Jiya fa lafiya lau ta je biki.” Otizim ya sa taron ya yi miki tsada, faibromayaljiya ya zo karɓar kuɗin.

Akwai wasu mahaɗai biyu da nake so ki kai wa likitanki. Da yawa daga masu otizim ba sa jin saƙon cikin jikinsu da wuri: yunwa, ƙishirwa, gajiya, sai abin ya kai maƙura. In haka kike, to kina wuce iyakarki kullum ba tare da kin ji ƙararrawa ba. Kuma fuskarki ba lallai ta nuna zafin da kike ji ba, wanda hakan kan sa ma'aikacin lafiya ya raina ciwon. Ki riƙa faɗa da baki: “Fuskata ba ta nunawa, amma zafin ya kai takwas cikin goma.” Na biyu, laushin gaɓoɓi ya fi yawa a masu otizim, shi ma kuma yana kawo ciwon jiki. In babban yatsanki na iya lanƙwasowa ya taɓa damtsen hannunki na ƙasa, ko gwiwarki na lanƙwasawa baya in kin tsaya, ko kina yawan targaɗe, ki nuna masa, domin hakan na iya sauya irin motsa jikin da za a tsara miki.

Yanzu ga ra'ayina a kan tambayarki. Otizim ki rungume shi hannu bibbiyu. Babu wata ke ta daban da ke ɓoye a bayansa tana jiran a warkar da ita. Yadda kike lura da ƙananan abubuwa, yadda kike riƙe gaskiya ko da za ta ɓata wa wani, yadda kike nutsewa cikin abin da kike so har ki manta duniya, da yadda hayaniya ke gigita ki, duk daga tukunya ɗaya suka fito. Manya masu otizim da yawa a duniya sun zaɓi a kira su da shi kai tsaye, ba kwana-kwana, kuma ina ganin suna da hujja.

Faibromayaljiya shi ma ki karɓe shi, ki daina jin kunyarsa, ki daina ba da haƙuri a kansa. Karɓar ma magani ce, domin ciwo kaya ɗaya ne, kokawa da cewa “bai kamata a ce ina ciwo ba” kaya na biyu ne, kuma na biyun ana iya sauke shi. Masana halayyar ɗan Adam suna da hanyar jinya da aka gina a kan haka. Sai dai ki yi masa riƙon baƙon da ya daɗe a gida: a ba shi ɗaki, a san halinsa, amma kada a miƙa masa makullin gidan. Ciwo ne mai hawa da sauka, kuma mutane da dama suna samun sauƙi sosai in sun dace da tsari. Abin da nake ji miki tsoro shi ne irin zaurukan intanet da ake kwana ana gasar wa ya fi shan wuya, har mutum ya ji in ya samu sauƙi kamar ya ci amanar 'yan'uwansa. Ki nemi waɗanda in kin ce yau kin yi tafiyar minti goma za su taya ki murna.

Kada kuma wani ya ce miki amsa sunan lalura baƙon abu ne a wurinmu. Manyan malaman hadisi akwai wanda duniya ta san shi da Al-A'araj, wato gurgu, akwai Al-A'amash, mai raunin gani, kuma sunan bai rage musu daraja ba. A garuruwanmu akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, mutanen da suka haɗa kai a ƙarƙashin sunan lalurarsu suka yi shugabanci. Gaskiya ne an jingina waɗannan sarautu da bara a idon mutane, kuma ina zaton wannan na cikin abin da ke tsorata Mama. Amma tushen abin, wato mutum ya ce ga yadda nake kuma ga jama'ata, namu ne tun kaka da kakanni.

Batun tawakkali kuwa, ki kwantar da hankalinki. Annabi Ayyuba, wanda ake buga misali da haƙurinsa, da bakinsa ya ce wa Ubangijinsa cuta ta shafe shi. Faɗin abin da ke damun ka ba butulci ba ne. Ya tabbata a hadisi cewa babu gajiya ko ciwo ko damuwa da za ta sami musulmi, har ƙayar da ta soke shi, face an kankare masa zunubi da ita. Kuma da Imrana ɗan Husaini ya kai kukan ciwonsa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Addinin da ya yi wa jiki wannan rangwame ba zai tuhume ki don kin san iyakar naki ba. Ranar da gwiwa ta ƙi, ki ja kujera ki yi sallarki da natsuwa.

Mu dawo kan Mama, domin a nan aikin yake. Tsoronta na fili shi ne aure da bakin mutane, kuma ba tsoron banza ba ne, ta fi mu sanin unguwarku. Amma ina jin akwai na ɓoye. In ta yarda cewa haka aka halicce ki, dole ta waiwayi duk ranar da ta ce miki raguwa, duk ranar da ta tura ki cikin taro kina kuka, ta ga cewa 'yarta wahala take sha ita ba ta sani ba. Wannan ba ƙaramin nauyi ba ne ga uwa. Musun da take yi, wani ɓangarensa kare kanta ne daga wannan zafin. Don haka in za ki yi mata magana, ki fara sauke mata shi: “Mama, ba laifinki ba ne, a lokacin ko likitoci ba su gane ba.” Ki ajiye dogayen sunayen nan a gefe tukuna, ki yi mata bayani da abin da ta gani da idonta: yadda kike toshe kunne in an kunna injin markaɗe, yadda kike cire wa riga lakabin wuya tun kina firamare. Sannan ki roƙe ta ta raka ki ganin likita sau ɗaya. Iyayenmu sukan karɓi magana daga bakin likita wadda ba za su karɓa daga bakin ɗan da suka haifa ba. Yayarki ma abokiyar tafiya ce, ita da ke rainon yaro mai irin halittarki.

Yayanki kada ki ɓata ƙarfinki wajen musu da shi, ki ba shi takardar likita ya karanta in ya ga dama. Gwaggo kuwa ki karɓi addu'arta da hannu biyu, addu'a ba ta karo da asibiti. Inda za ki ja layi shi ne duka da sunan fitar da iska, da tsaga, da hayaƙin da ke shaƙe ki, da duk wanda zai ce ki ajiye maganin likita.

Shi kuma mai neman ki, ki gaya masa, kuma kafin a kawo kuɗi. A nan na saɓa wa Mama, tare da girmama ta. Tun ran gini tun ran zane. Yadda muka saba da gwajin jini kafin aure don kowa ya shiga da idonsa buɗe, wannan ma haƙƙinsa ne, kuma kariya ce gare ki. Aure a wurinmu ba ku biyu ba ne kaɗai: akwai dangin miji da za su cika gida ba sanarwa, akwai girkin baƙi, akwai zaman biki da na makoki. Kwaikwayon da kike yi na awa shida a makaranta ki dawo ɗakinki ki huta, a gidan aure babu ɗakin da za ki koma ki cire shi, in mijin bai sani ba. Ba na so ki yi shekara arba'in kina wasan kwaikwayo a gadonki.

In ya zo zance, ki zaɓi ranar da jikinki da sauƙi. Kada ki jefa masa suna ki yi shiru, domin zai je ya bincika a waya ya ga abin da ba ke ba. Ki ce masa ga yadda ranarki take: bayan taro kina buƙatar awa ɗaya ke kaɗai, kuma ba fushi ba ne, kin fi gane magana a fili, habaici da hannunka-mai-sanda sukan wuce ki, akwai ranakun da tuƙa tuwo zai gagare ki, kina son a sanar da ke kafin a kawo baƙi. Ki gaya masa abin da zai samu ma, domin akwai shi: mace da ba ta iya fuska biyu ba. Sannan ki ce likitoci suna da suna ga wannan. Zai tambaye ki batun yara, ki ba shi gaskiya: otizim yana bin dangi, yiwuwar ta fi ta sauran mutane, amma ba tabbas ba ne, kuma babu ma'auratan da aka ba takardar lamunin irin ɗan da za su haifa. Faibromayaljiya ba ya hana haihuwa, sai dai wasu magungunansa dole likita ya sake duba su kafin ɗaukar ciki. Ki ba shi mako biyu ko uku ya yi tunani, ki yi masa tayin zuwa wurin likitarki da tambayoyinsa, ki kuma roƙe shi ya riƙe maganar a tsakaninku har ku yanke shawara. In ya tsaya, kin sami abokin zama na gaske. In ya janye, zai yi zafi, ba zan ɓoye miki ba, kuma Mama za ta ce ai ta faɗa. Amma janyewar saurayi ta fi sakin aure da goyo sauƙin jinya.

Facebook kuwa, ki dakata. Ban ce kada ki yi ba har abada. Karɓar kai daban, shela daban, kuma na farkon bai rataya a kan na biyun ba. Magana zarar bunu ce, ta intanet kuwa har hotonta ake ɗauka a ajiye. Bai dace Mama ta ji a bakin maƙwabta ba, ko dangin saurayinki su gani kafin shi ya ji daga gare ki. Ga kuma aikinki. Akwai dokar tarayya ta hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, amma kin san tazarar da ke tsakanin doka a takarda da mai makarantar da iyayen yara suka fara yi wa waya. Ki fara da shugabar makarantarku, ki nemi ƙananan abubuwa masu sauƙin bayarwa: kujera a gaban allo, a ɗauke miki tsayuwar taron safe a ranakun da jiki ya motsa, minti goma na shiru lokacin tara. In hannunki na ƙaiƙayin rubutu, ki rubuta a kan lalurorin kansu ba tare da kin ce ke ce ba. Ranar 2 ga Afrilu ta otizim ce a duniya, 12 ga Mayu kuma ta faibromayaljiya, ƙofa ce mai kyau. Ranar da kika ga ƙafarki ta tsaya, na kusa da ke duk sun ji daga bakinki, sai ki fito da sunanki in har yanzu kina so, kuma zan kasance cikin masu karantawa. Abu ɗaya: labarin ɗan yayarki ba naki ba ne, kada ya shiga rubutunki sai da izinin uwarsa.

Kada kuma maganar suna ta shagaltar da ke daga jikin. A shawarwarin da ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Turai ta buga a 2017, motsa jiki ne kaɗai ya sami goyon baya mai ƙarfi a kan faibromayaljiya, ya sha gaban kowace ƙwaya. Amma a hankali ake shigarsa. Ki fara da tafiyar minti biyar ko goma a layinku bayan gari ya waye, kafin hayaniya ta tashi, ki ƙara kaɗan duk mako. Babban tarkon shi ne ranar da kika tashi garau: sai ki ce bari in wanke kayan mako guda, in share gida, in leƙa Kasuwar Barci, sannan ki kwanta kwana uku. Ki tsaya tun da sauran ƙarfinki, kuma tunda jikinki ba ya yi miki ƙararrawa, ki sa ta waya. Son tsari da otizim ya ba ki zai yi miki rana a nan: lokacin barci ɗaya, lokacin tashi ɗaya, da ɗan littafin da za ki riƙa rubuta abin da kika yi da yadda jiki ya kwana. Cikin wata biyu za ki ga abin da ke tayar miki da shi da idonki. Da hunturu ki riƙa wanka da ruwan ɗumi, ki tanadi abin toshe kunne a jaka don Keke da taro, ki ce wa tela ya sa miki shafi mai laushi a cikin leshi.

Magani kuwa daga hannun likita kawai. Akwai waɗanda ake bayarwa kaɗan-kaɗan da dare don barci da rage zafin, kuma ki gaya masa in jikinki na saurin jin magani, a fara da mafi ƙanƙanta. Ki nisanci tiramol da kodin na kemis, ba sa warkar da irin wannan ciwo, jaraba suke bari. Shan diklofenak kullum kuma ciki da ƙoda yake ci. In ba a taɓa duba miki ƙarancin jini da bitamin D da aikin tayirod (wata 'yar gaɓa da ke gaban wuya) ba, ki nema, domin sukan ƙara wa gajiya nauyi. Likitocin gaɓoɓi a manyan asibitocin koyarwa aka fi samun su, ki tambaya a Barau Dikko ko a Shika ta Zariya, tare da sashen gashin ƙashi don tsara miki motsa jiki. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa kuma kada sunan da mutane ke kiran sa ya hana ki shiga. Damuwa da fargaba sukan raka lalurorin nan biyu, kuma ana jinyarsu. In wata rana zuciyarki ta fara raya miki cewa gara babu ke, ki gaya wa yayarki ko likitarki a ranar, kada ki kwana da shi.

A wannan makon abu ɗaya nake so ki yi. Bayan sallar isha, in gida ya yi shiru, ki shiga ɗakin Mama ki zauna kusa da ita a kan darduma. Kada ki ambaci otizim, kada ki ambaci aure. Ki ce, “Mama, ba ni labarin yadda nake ina ƙarama.” Ki bar ta ta yi ta faɗa, ke dai ki saurara. Ki rubuto min abin da ta ce. Allah ya ba ki lafiya, ƙanwata, ya zaɓa miki mafi alheri.